Yini Guda a Bolonya: Wa Ke Riƙe da Tsohon Birni?

Hausawa sun ce gani ya kori ji. A ƙarshen watan Afrilu na 2024, kwanaki kaɗan bayan ƙaramar salla, mu huɗu muka shiga jirgin ƙasa daga Milan, bayan sa'a guda da 'yan mintoci muka sauka Bolonya, birnin nan na arewacin Italiya da ke tinƙaho da cewa jami'arsa, wadda ake lissafin kafuwarta daga 1088, ita ce mafi tsufa a Turai. Lokacin kuwa bazararsu ce, wadda ba ta yi kama da tamu ba ko kaɗan: sanyi ya ja da baya, itatuwa sun yi toho, yanzu rana ta leƙo, an jima yayyafi ya sauko. Yini guda muka yi muna zaga gari da ƙafa, na kuwa dawo da wani ra'ayi da nake so in baje a faifai gaban 'yan'uwana ɗalibai da waɗanda suka soma aikin gwamnati. Ra'ayin shi ne, tsohon birni ba ya rayuwa sai an bar talakawansa da ɗalibansa a cikinsa, kuma doka ce ke tabbatar da haka, ba fatar baki ba.

Ba mu yi nisa da tasha ba ruwa ya goce, amma ko ɗigo bai taɓa mu ba, alhali babu mai lema a cikinmu. Dalili kuwa, kusan kowane gida na tsohon birnin benensa ya turo gaba ya rufe hanyar masu tafiya da ƙafa, ginshiƙai sun tallafe shi, rumfar wannan gida ta haɗe da ta maƙwabcinsa, har mutum ya ratsa gari yana cikin inuwa. Tsawon waɗannan rumfuna a tsakiyar birni ya kusa kilomita 40, a birnin duka kuwa 62, kuma a 2021 hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan gado na duniya. Asalinsu ba ado ba ne. Baƙi ne da masu neman ilmi suka yi wa gari yawa, masu gidaje suka riƙa ƙara ɗakuna a sama suna cin titi. Maimakon hukuma ta ce a rushe, sai ta yi doka a 1288 cewa duk mai gina gida dole ya yi rumfa, tsayinta kada ya gaza mita 2.66 domin mahayin doki ya wuce, kula da ita na wuyan mai gida, amfaninta kuwa na kowa da kowa. To, mai karatu, ka ga yadda aka juya kwaɗayin masu gidaje ya zama sadaka mai gudana. Shekara fiye da 700 ke nan inuwar tana nan.

Daga nan muka shiga Archiginnasio, ginin da aka kammala a 1563 domin a tara darussan jami'a wuri guda. Bangayensa da rufinsa cike suke da tambura kimanin 6,000 na ɗalibai da malamai daga ƙasashe daban-daban. A nan ne ya kamata kowane ɗan ƙungiyar ɗalibai ya tsaya ya yi tunani, domin wannan jami'a ɗalibai ne suka riƙe ragamarta ƙarnuka da dama. Su ke zaɓen shugabanta daga cikinsu, su ke biyan malamai, su kuma ci tarar malamin da ya makara ko ya tsallake babi mai wuya. In gari ya matsa musu da tsadar haya ko zalunci, makaminsu shi ne ƙaura; irin wannan ƙaura ce ta haifi jami'ar Paduwa a 1222. Mahukunta sun san in ɗalibai suka naɗe tabarmarsu, kasuwa ta mutu, saboda haka suka riƙa lallashinsu. A benen ginin akwai ɗakin koyar da fiɗa na katako, wanda aka fara a 1637, bom ya ragargaza shi a watan Janairu na 1944, amma aka tsince gutsattsarin daga cikin ɓaraguzai aka mai da shi yadda yake.

Da azahar muka kutsa lungunan tsohuwar kasuwa da ke gefen babban dandalin Piazza Maggiore. Garin ya yi suna da abincin da ba ya rasa naman alade, don haka muka tsaya kan burodi da cuku da 'ya'yan itatuwa, muka zauna bakin dandali muna ci. Abin da ya ɗauki hankalina a kasuwar shi ne tsofaffin mata da ke jan kwandon cefane suna hira da masu kifi da masu ganye. Wato dai har yanzu akwai masu ɗora tukunya a unguwar. A nan gardama ta kaure. Ɗaya daga cikinmu, mai karatun aikin injiniya, ya dube ni ya ce, "Malam, duk wannan abin masu hali ne. Ƙasar da ke neman ruwan famfo da asibiti ina ta ga ta lallaɓa tsohon bango? A rushe, a buɗe titi, a yi gaba." Maganarsa ba ta banza ba ce, kuma da yawa cikin masu karanta wannan mujalla haka suke gani. Amsar da zan ba shi, Bolonya ce da kanta ta ba ni.

Da farko, mutanen Bolonya sun taɓa bin shawararsa. Tsakanin 1902 da 1906 suka rushe ganuwar birninsu kusan baki ɗaya, da hujjar iska ta shigo, gari ya faɗaɗa, magina marasa aikin yi su sami na abinci. Wasu masana, irin su Alfonso Rubbiani, suka yi ta kuka, da ƙyar aka tsirar da ƙofofi. Cikin 12 saura 10, suna tsaye su kaɗai tsakiyar motoci kamar marayu. Aikin da magina suka samu ya ƙare cikin 'yan shekaru, ganuwa kuwa ta tafi ke nan. Abin da aka gina ana iya gyara shi gobe, wanda aka rushe sai labari.

Na biyu, da suka sake fuskantar irin wannan zaɓi, sai suka bi wata hanya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu tsofaffin unguwanni sun lalace, masu kuɗi na jiran a kori talakawa su gina ofisoshi. A 1969 majalisar birni ta amince da tsarin kare tsohon birnin dungum, ba manyan gine-gine kaɗai ba, a 1973 kuma, zamanin magajin gari Renato Zangheri, ƙarƙashin jagorancin mai tsara birane Pier Luigi Cervellati, ta ɗauki kuɗin gidajen talakawa ta zuba wajen gyara tsofaffin gidaje a unguwanni irin su San Leonardo da Santa Caterina, bisa sharaɗin mazaunansu su dawo, hayarsu kuma kada ta fi ƙarfinsu. Tsarin bai kai inda aka yi fata ba, gidajen da aka gyara ba su kai waɗanda aka zana ba. Duk da haka ya nuna cewa kare tarihi da samar wa talaka matsuguni ba kishiyoyi ba ne. Kuɗi ɗaya na iya yin aikin biyu.

Kada kuma a ce na makance da son garin. Da muka je wajen dogayen hasumiyoyinsa biyu na ƙarni na 12, Asinelli mai mita 97 da Garisenda mai mita 48, mun tarar an killace su tun Oktoba 2023, saboda tsoron kada Garisenda da ta karkace ta rufto. Wannan ciwon injiniyoyi ne ke da maganinsa. Ciwon da ya fi shi haɗari shi ne wanda ba ya tsaga bango: masu gidaje sun gane kwana uku na ɗan yawon buɗe ido sun fi mako biyu na ɗalibi riba. A 2023 ɗalibai a biranen Italiya, har da Bolonya, sun kafa tantuna suna kwana a waje domin kukan tsadar haya. Mu ma da muka zo yawon yini guda, ai muna cikin masu ƙara wa kaya nauyi. Ranar da tsohuwar nan mai kwando da ɗalibin nan suka bar gari, rumfunan za su tsaya, amma inuwar ta zama ta baƙi.

Da la'asar muka hau tudun San Luca ta cikin rumfa guda mai tsawon kusan kilomita 4, wadda aka soma a 1674 da gudummawar jama'ar gari. Daga sama muka hangi jajayen rufin birnin, ni kuwa Kano ta faɗo mini a rai. Tarihi ya ce Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwar Kano, wato sa'ar hasumiyar Asinelli ce. Yau mun san yadda ake yankar badala ana gini, da yadda ake sauya tsofaffin ƙofofi da siminti. Kuskuren 1902 muke maimaitawa, bayan masu shi sun daɗe da yin da-na-sani.

Saboda haka, ya ku 'yan'uwa, watarana fayil zai zo teburin ɗayanmu, na faɗaɗa titi ko na raba fili cikin tsohuwar unguwa. Kafin ka sa hannu, yi tambaya biyu: me za a rushe wanda ba ya dawowa, kuma ina mutanen wurin za su kwana? In babu amsa a fayil, mai da shi. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da muka gada.