Lantarkin Ƙwayoyin Fitutari da Nonon Mai Jego: Aikin da ke Jiran Manazarta Hausa a Karaye da Rogo

Gabatarwa

A ƙasan ƙwaƙwalwar ɗan'adam akwai wata 'yar tsoka da girmanta bai wuce na ƙwayar wake ba, nauyinta kuwa kusan rabin giram ne. Likitoci na kiran ta fitutari. Daga cikinta ne wasu sinadaran saƙo, wato homon, suke fita su bi jini, su tafiyar da girman yaro da al'adar mace da samuwar ruwan nono da juriyar jiki a lokacin ciwo. Kimanin shekara hamsin ke nan masana jijiyoyi suna nazarin lantarkin da ke motsa ƙwayoyin halittar wannan tsoka. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, ilimin da aka samu ya shafi masu jego a Karaye da Rogo kai tsaye, kuma rashin kalmomin bayyana shi da Hausa na cikin abubuwan da suka hana shi isa gare su. Wannan nauyi ne da ya rataya a wuyan manazarta Hausa.

Yadda lantarkin yake aiki

A shekarar 1975, Yoshiaki Kidokoro ya bayyana a mujallar Nature cewa ƙwayoyin fitutari na ɓera da aka raina a ɗakin gwaji suna fitar da bugun lantarki da kansu, tamkar jijiyoyi. Kowane bugu yana buɗe wasu ƙananan ƙofofi a jikin ƙwayar, sinadarin kalshiyam ya shiga, shigarsa kuma ita ke sa ƙwayar ta zubo da homon ɗin da ta tara. A 2001, Fredrick Van Goor da Stanko Stojilkovic da abokin aikinsu suka nuna cewa salon bugun shi ne ke yanke hukunci. Bugu ɗaya gajere ba ya barin kalshiyam mai yawa ya shiga, kamar mai ban-ruwa da ya buɗe bakin kwami ya toshe nan take. Jerin bugu mai tsawo kuwa yakan bar ƙofar a buɗe har ƙwayar ta ƙoshi. A 2011, Joël Tabak da Richard Bertram da abokan aikinsu a wata jami'ar jihar Fulorida ta Amurka suka haɗa ƙwaya mai rai da kwamfuta. Da suka toshe wasu ƙofofin fotashiyam da ake kira BK, jerin bugun ya koma ɗai-ɗai. Da kwamfutar ta kwaikwayi aikin ƙofofin, jerin ya dawo.

Homon ɗin da ke samar da ruwan nono shi ne furolaktin. Ƙwayoyin da ke yin sa ba sa jiran umarni kafin su buga. Ƙwaƙwalwa ce ke danne su da sinadarin dofamin. Idan jariri ya kama nono, dofamin ya ragu, lantarkin ya tashi, furolaktin ya ƙaru. Ke nan ruwan nono ya dogara ne ga ƙwayoyi masu rai da jini ke ciyarwa.

Inda lamarin ya shafi mai jego

A lokacin goyon ciki, fitutari yana ƙara girma saboda yawaitar ƙwayoyin furolaktin, buƙatarsa ta jini ma ta ƙaru. Idan mace ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa har hawan jininta ya faɗi, wani sashe na tsokar yana iya mutuwa. Likitan Ingila Harold Sheehan ne ya fayyace wannan lalura a 1937, har ta ɗauki sunansa. Alamarta ta farko sau da yawa ita ce nono ya ƙi kawo ruwa. Daga baya al'ada ta ɗauke, gashin hammata da na mara ya zube, ga kasala da jin sanyi da jiri. Akan yi shekaru kafin a gano ta, kuma wani zazzaɓi ko tiyata na iya zama ajali ga mai ita. Idan an gano ta, ana maye gurbin homon ɗin da aka rasa da ƙwayoyin magani na yau da kullum.

Karaye da Rogo ƙananan hukumomi ne na manoma a yammacin jihar Kano, inda ungozoma da uwar miji ke da faɗa a ji kan lamarin jego. Kowace alama da aka lissafa tana da gurbi a tunanin Bahaushe. Jin sanyi da kasala akan danganta su ga shigar sanyi ko rashin yin wankan jego yadda ya kamata. Rashin ruwan nono akan tunkare shi da kunun kanwa da saiwoyi. Ɗaukewar al'ada kuma ba ta tayar da hankali ga mai goyo, domin an saba da ita. Da wuya a haɗa waɗannan da jinin da ya zuba ranar haihuwa, saboda babu jumlar da ta haɗa su a bakin jama'a.

Ɓangaren rigakafi ya samu ci gaba, kuma da hannun Kano a ciki. Gwajin E-MOTIVE da aka wallafa a 2023, wanda aka yi a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, ya nuna cewa auna jini da shimfiɗa mai ma'auni tare da gaggauta magani ya rage mummunan sakamakon zubar jini da kimanin kashi 60 cikin ɗari. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero na cikin jagororinsa. Amma matar da ta haihu a ɗaki, ta tsira da ƙyar, ba ta da mai gaya mata abin da za ta lura da shi bayan suna.

Aikin manazarta Hausa

Za a iya cewa wannan hurumin likitoci ne, kuma yawancin masu ƙarancin ruwan nono ba wannan lalura ke damun su ba. Maganar biyu gaskiya ce. Hasali ma ita ce hujjar neman saƙo mai tsafta: wadda ta zubar da jini sosai, sannan nononta bai kawo ruwa ba, ta je a duba ta. Tsara jumla irin wannan yadda ba za ta firgita mata ba, ba kuma za ta ci mutuncin ungozoma ba, aikin masu harshe ne.

Akwai tubalin da za a ɗora a kai. A Karo, kusa da Zarewa ta ƙasar Rogo, aka haifi Baba, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, da bayanai kan aure da haihuwa da goyo. Lewis Wall ya yi nazarin magungunan Hausawa a yankin Malumfashi, littafinsa ya fito a 1988. Ga ƙamusun Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Abin da ya rage shi ne a koma Karaye da Rogo a tattara kalmomin da mata ke amfani da su a yau kan jini da nono da sanyi, a zauna da likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a tantance su, sannan a tsayar da sunayen Hausa ga fitutari da homon da wannan lalura.

Kammalawa

Masu bincike sun bi lantarkin ƙwaya ɗaya har suka gane yadda nono ke samun ruwa. Sassan Hausa na jami'o'i suna da ɗaliban digiri na biyu da ke neman batun bincike kowace shekara. Kundi ɗaya kan kalmomin jego a Karaye da Rogo, wanda malamin Hausa da likita za su duba tare, zai samar da jumlolin da ma'aikaciyar lafiya da mai shirin rediyo za su iya faɗa wa mai jego ta gane.