WAYAR HANNU DA AKWATIN ZAƁE

Sanin kowa ne cewa a zamanin nan wayar hannu ta zama dandalin siyasa. Maganar da a da ba a jinta sai an taru a filin lacca ko an kunna rediyo, yanzu tana iske mutum har rumfarsa ta Facebook da WhatsApp da TikTok. Abin yana da amfani, gama ya ba talaka bakin tambayar shugabanni. Amma duk da yawan surutun, jama'a ba su ƙara fitowa zaɓe ba. A zaɓen Shugaban Ƙasa na ran 25 ga Fabrairu, 2023, mutum fiye da miliyan 93 ke cikin rajista, amma waɗanda suka jefa ƙuri'a wajen miliyan 25 ne kacal, watau kashi 27 cikin ɗari, alhali a 2015 an wuce kashi 43.

Wannan batu ya shafi 'yan Arewa mazauna Kudu ƙwarai da gaske, daga Agege da Idi-Araba a Ikko zuwa Sabon Badun, Anacha da Fatakwal. Da zarar zaɓe ya ƙarato, sai saƙonnin murya da tsofaffin hotuna su fara yawo, ana cewa za a yi tashin hankali a wuri kaza. Mai tireda da ɗan dako da mahauci su ɗaure kaya su nufi tasha. Doka kuwa ba ta yarda mutum ya yi zaɓe ba sai a rumfar da ya yi rajista. Wanda ya yi tasa a Kudu ya tafi gida, ƙuri'arsa ta salwanta ke nan.

Ba ƙaramin ƙarfi ji-ta-ji-tar waya gare ta ba. A watan Disamba na 1918 ba a san irinta ba, amma a Disamba na 2018 sai da Shugaba Muhammadu Buhari ya fito da kansa ya musa zancen da aka baza cewa wai ya rasu an sauya shi da wani mutumin Sudan.

Kada wani ya ce ƙuri'ar baƙo ba ta da nauyi. A Jihar Ikko, inda masu rajista suka haura miliyan 7, tazarar da ke tsakanin Peter Obi da Bola Tinubu a zaɓen 2023 ba ta kai ƙuri'a 10,000 ba.

Saboda haka wajibi ne Sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin kasuwa su tashi tsaye tun kafin zaɓen 2027. Su hori jama'a kada su tura labarin da ba su san tushensa ba. Su kuma taimaki wanda rajistarsa ke gida ya nemi Hukumar Zaɓe ta maido masa da ita garin da yake zaune, tun da doka ta ba shi wannan dama. Wanda ke biyan harajin kasuwa a gari, ya cancanta ya sa hannu wajen zaɓen masu mulkin garin.