Sharhi: Kogin Nilu da takaddamar da ta rage bayan kammala madatsar Habasha

A ranar 9 ga Satumba, 2025, Firaminista Abiy Ahmed ya ƙaddamar da babbar madatsar ruwan Habasha a yankin Benishangul-Gumuz, kusa da iyakar Sudan, shekara 14 bayan marigayi Meles Zenawi ya aza harsashinta. Ita ce madatsar samar da lantarki mafi girma a Afirka: tana iya bayar da megawat 5,150, tafkinta kuma yana ɗaukar ruwa kyubik mita biliyan 74. Batun hana gininta ya riga ya wuce. Abin da ya rage tsakanin Habasha da Masar da Sudan shi ne wa zai yanke hukunci kan yawan ruwan da za a saki idan fari ya zo.

Ba a fahimtar wannan takaddama sai an dubi yadda kogin yake. Nilu yana tafiyar kimanin kilomita 6,650 kafin ya faɗa Tekun Bahar Rum, kuma ƙasashe 11 ne ke da rabo a kwarinsa. Manyan rassansa biyu ne. Farin Nilu yana fitowa daga Tafkin Victoria, ya ratsa Uganda da Sudan ta Kudu, inda ruwa mai yawa ke ƙafewa a fadamun Sudd. Shuɗin Nilu kuwa, wanda Habashawa ke kira Abay, daga Tafkin Tana yake gangarowa ta tsaunukan Habasha. A Khartoum suke haɗuwa. Farin Nilu ya fi tsawo, amma kusan kashi 85 cikin 100 na ruwan da ke isa Masar daga tsaunukan Habasha yake zuwa, mafi yawansa a cikin 'yan watannin damina.

Ke nan ƙasar da ruwan ke fitowa daban, ƙasar da ta fi dogaro da shi daban. Masar, mai mutane sama da miliyan 100, kusan duk ruwan shanta da na nomanta daga Nilu ne, domin ba ta da damina ta a zo a gani. Habasha kuma tana da mutane sama da miliyan 120, kusan rabinsu ba su da wutar lantarki. Da kuɗin cikin gida aka gina madatsar, ciki har da na 'yan ƙasa ta hanyar sayen takardun lamuni da gudummawa daga albashin ma'aikata, shi ya sa Habashawa ke ɗaukarta abin alfahari da ba a ciniki a kansa.

Tushen rikicin yana cikin yarjejeniyoyi biyu. Ta 1929, wadda Birtaniya ta ƙulla da Masar, ta ba Alƙahira ikon hana duk wani aiki a saman kogin da zai rage mata ruwa. Ta 1959 kuma ta ƙiyasta ruwan Nilu a kan kyubik mita biliyan 84 a shekara, ta ba Masar biliyan 55.5, Sudan biliyan 18.5, sauran biliyan 10 aka bar wa ƙafewa. Ba a ware wa Habasha ko ɗigo ba, ba a kuma nemi ra'ayinta ba. Masar tana kiran wannan kaso haƙƙinta na tarihi, Habasha tana cewa takardar da ba ta sa wa hannu ba ba za ta ɗaure ta ba.

An yi ta neman sulhu. A Maris 2015 ƙasashen uku sun rattaba hannu a Khartoum kan wasu ƙa'idoji, ciki har da amfani da ruwan cikin adalci da kauce wa cutar da juna. Tattaunawar da Amurka ta jagoranta ta watse a farkon 2020, Habasha kuma ta fara tara ruwa a Yulin shekarar. Shiga tsakanin Tarayyar Afirka bai haifar da ɗa mai ido ba, kuma a Disambar 2023 Masar ta ce tattaunawa ta ci tura. A Oktoban 2024 wata yarjejeniyar haɗin gwiwar ƙasashen Nilu ta fara aiki bayan ƙasashe shida sun amince da ita, amma Masar da Sudan sun yi watsi da ita.

Madatsar lantarki ba ta shanye ruwa. Yana juya injina ne ya wuce. Ikon da take bai wa mai ita shi ne na zaɓen lokacin saki da yawan abin da za a saki. Shekarun da aka yi ana cika tafkin sun zo da damina mai kyau, kuma Masar na da ajiyarta a Tafkin Nasser, bayan madatsar Aswan da aka kammala a 1970, don haka ƙarancin da aka ji tsoro bai auku ba. Gwajin gaskiya zai zo ne idan aka jera shekaru ana fari, kamar yadda ya faru a shekarun 1980. A lokacin Habasha za ta so riƙe ruwa don injinanta, Masar za ta so a saki don gonakinta, kuma babu wata doka da ta faɗi yadda za a raba asarar. Masar na neman yarjejeniyar da za ta zama tilas, Habasha ta fi son jagororin da za a iya sauyawa.

Sudan ce ke tsaka mai wuya. Madatsar na iya rage mata ambaliya da laka, ta ba ta damar noman rani da lantarki mai sauƙi. Sai dai madatsarta ta Roseires tana ƙasa kaɗan da ta Habasha, kuma sakin ruwa ba tare da sanarwa ba haɗari ne gare ta da garuruwan bakin kogi, ciki har da Maiwurno, inda zuriyar mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka zauna bayan yaƙin Burmi na 1903. Yaƙin da ya ɓarke a ƙasar tun Afrilun 2023 ya kuma raunana muryarta a teburin shawara.

Nijeriya ma ƙasar gangare ce, domin Neja daga Gini yake fitowa, Binuwai kuma daga Kamaru. Ambaliyar 2012 da ta 2022, waɗanda sakin ruwan madatsar Lagdo ya ƙara wa tsanani, sun nuna tsadar rashin shiri, yayin da Nijar ke gina madatsar Kandadji a saman Neja. Darasin Nilu shi ne a rubuta ƙa'idar musayar bayanai da ta rabon ruwa tun ana cikin wadata. Habasha da Masar da Sudan suna da sauran wannan dama, muddin suka koma teburi kafin shekarar fari ta riske su.