Mu san harsuna: kalmar «likewise» da inda take shiga

Tun a shekara ta 2025 dokar ƙasa ta ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta kuma ajiye Ingilishi tare da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Saboda haka Ingilishi ya wuce darasin da ɗan kwaleji ke haddacewa domin jarrabawar BEPC kaɗai. A wannan mako za mu duba kalma guda da ke yawan kayar da ƴan makaranta da masu rubuta wasiƙa, wato «likewise».

Asalinta kalmomi uku ne, «in like wise», ma'ana «ta irin wannan hanya», waɗanda suka dunƙule tun ƙarni na 15. Kada «wise» ɗin nan ta ruɗe ku: ba mai hikima ake nufi ba. Tsohuwar kalma ce mai nufin hanya ko salo, ita ce kuma ke cikin «otherwise». Wanda ya yi lakwal ya san ƴar'uwarta a Faransanci, wato «guise», domin tushensu ɗaya.

Wuri uku take shiga. Na farko, bayan aikatau: «The teacher stood up and the pupils did likewise», malam ya miƙe, ɗalibai ma suka yi haka. Na biyu, a farkon jimla, domin ɗaura magana a kan wadda ta gabata, daidai da «haka nan kuma» ko «kazalika», wadda mu ma daga Larabci muka aro ta. Na uku, ita kaɗai a matsayin amsa: in baƙo ya ce maka «Nice to meet you», sai ka ce «Likewise», wato ni ma haka. Nan ta yi daidai da «pareillement».

To, ina tuntuɓen yake? Mafi yawa a rikita ta da «like» ne. Ɗalibi ya so ya ce yaro na magana kamar mahaifinsa, sai ya rubuta «likewise his father». Kuskure ne, «like his father» ake cewa. Alhali Bahaushe ya riga ya san wannan bambanci tun yana goye: «kamar» tana bukatar abin da za a kwatanta da shi a gabanta, «haka ma» kuwa tana komawa ne ga aikin da aka riga aka ambata. Duk inda bakinka zai ce «kamar», sa «like». Inda zai ce «haka ma», sa «likewise». Wanda ya auna da Hausarsa ya fi wanda ya zagaya ta Faransanci saurin dacewa.

Amsar ma tana son lura, domin abin da aka ba ka take mayarwa. In an yi maka fatan sauka lafiya alhali kai kaɗai ke tafiya, ko an yi maka gaisuwar mutuwa, ka ce «Likewise», to ka yi ɓaram-ɓarama.

Abu na ƙarshe ya fi nauyi. Mai cewa «likewise» da'awa yake yi cewa abu biyu hukuncinsu ɗaya. Ita «similarly» ta fi sassauci, kamanni kawai take nunawa. In takardar ciniki ta ce mai saye zai biya kuɗin mota, sannan ta ƙara da «likewise» kuɗin dwan, to duka biyun sun hau wuyanka. Ɗan kasuwar Maraɗi mai hulɗa da Kano ko Katsina ya tsaya ya karanta kafin ya sa hannu. Haka nan mai karanta jarida: in marubuci ya haɗa abu biyu da wannan kalma, ya tambayi kansa ko da gaske daidai suke, domin Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.