Ingilishi: Da Ruwan Ciki A Kan Ja Na Rijiya

Duk yaron da ya gama makarantar firamare ya shiga kwaleji, zai tarar da wani sabon harshe yana jiran shi a ƙofar aji. Wannan harshe shi ne Ingilishi. Yara da yawa su kan ji tsoron shi tun ba su fara ba. Su kan ce: "Ga Hausa, ga Faransanci, yanzu kuma ga na uku! Ina kan da zai ɗauki wannan kaya?" Wasu kuma su kan ɗauka abin ba wuya: a hardace kalma 200 ko 300, shi ke nan an iya.

Da masu tsoro da masu gaggawa, duka sun yi kuskure. Ingilishi bai fi ƙarfin ɗan makaranta ba, amma haddar kalmomi kaɗai ba ta isa. Sai an san nahawu, wato yadda ake jera kalmomi su zama magana. Yaron da ya koyi nahawun Hausa a aji, ya kuma fara Faransanci, ba da hannu banza ya zo ba. Hausawa sun ce da ruwan ciki a kan ja na rijiya.

Mi ne ne amfaninshi?

Iyakar Nijar da Nijeriya ta kai wajen kilomita 1,500, kuma Ingilishi ne harshen gwamnati a Nijeriya. Daga Maraɗi hanya ta bi ta Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina. Daga Damagaram ta nufi Daura da Kano. Daga Birnin Ƙonni ta shiga Illela, ta wuce Sakkwato.

Wani dattijo zai ce: "Ai duk waɗannan garuruwa Hausa ake yi. Na yi shekara 30 ina fatauci ban taɓa neman tafinta ba." Gaskiya ya faɗa, cinikin baki da Hausa ake yin shi. Amma kayan da ya sayo fa? Rubutun da ke bisa kwalin magani, da buhun takin zamani, da kwalbar maganin ƙwari, da takardar da ke zuwa tare da injin ban ruwa, sau da yawa da Ingilishi yake. Kwali ba ya jin gaisuwa, ba ya amsa tambaya. Sai mai karatu.

Ban da wannan, akwai Ingilishi cikin jarrabawar ƙarshen kwaleji, wadda ake kira BEPC. A shekarar 2025 kuma, babbar dokar da hukumomin Nijar suka kafa ta mai da Hausa harshen ƙasa, ta ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Yaron da ke zaune bisa benci yau, gobe zai nemi aiki a inda ake bukatar su ukun.

Tarin tubali ba ɗaki ba ne

Kalmomi kamar tubali suke. Mutum ya tara tubali 1,000 a fili, in bai san gini ba, a waje zai kwana.

A ce ƙanen wani ɗan kwaleji ba shi da lafiya. An sayo magani, an miƙa wa ɗan makaranta ya karanta. An rubuta: "Take two tablets three times a day." Yaron ya san "two" 2 ne, "three" 3 ne, "day" kuma rana ce. To, ƙwaya 3 za a sha sau 2? Ko ƙwaya 2 bayan kwana 3? Wanda ya san ginin jimlar shi ne zai ce: ƙwaya 2, sau 3 a rana. A nan kuskure ba jan alƙalamin malam zai jawo ba, lafiyar ɗan'uwa zai taɓa.

Haka nan wajen kuɗi. "I have paid" na nufin "na biya". "I will pay" na nufin "zan biya". Aikatau ɗin guda ne, amma wanda bai lura da ƴan ƙananan kalmomin da ke tare da shi ba, sai ya saki kayanshi bisa alkawari, yana tsammani an biya.

Inda Hausa ke ba da hannu

Abu na farko, jerin jimla. A Hausa mai aiki ke zuwa da farko, sa'an nan aikin, sa'an nan abin da aikin ya faɗa wa: "Abdu ya sayi doki." Ingilishi ma haka yake: "Abdu bought a horse." In aka juya jerin, ma'ana ta juya. "Kare ya ciji yaro" dabam yake da "Yaro ya ciji kare", kuma haka "The dog bit the boy" ya bambanta da "The boy bit the dog".

Abu na biyu, sifa. Bahaushe ya kan ce "farin doki", sifa kafin suna. Mai Ingilishi ya ce "white horse", shi ma sifa kafin suna. Faransanci ne ya ce "cheval blanc". A nan wanda ya bi ta Hausa ya fi wanda ya bi ta Faransanci saurin isa.

Abu na uku ya fi su duka daɗi. Kowane ɗan shekara 5 ya san bambancin "Hadiza tana cin tuwo" da "Hadiza ta kan ci tuwo". Na farko yanzu ake yin shi, na biyu al'ada ce. Ingilishi ya raba su kamar yadda Hausa ta raba: "Hadiza is eating" da "Hadiza eats". A Faransanci kuwa "Hadiza mange" ya kan ɗauki duka biyun. Wannan darasi ya kan wahal da mai tunani da Faransanci kaɗai. Ɗan ajin Hausa sai ya tambayi kanshi: "tana" ce ko "ta kan"? Ya samu amsa.

Haka lokaci mai zuwa. Hausa na sa ƴar kalma kafin aikatau: "zai zo". Ingilishi ma: "he will come".

Akwai ma inda Ingilishi ya fi Hausa sauƙi. Jam'in Hausa hanyoyinshi da yawa: gida, gidaje; doki, dawaki; tunkiya, tumaki; littafi, littattafai. A Ingilishi galibi "s" ake ƙarawa a ƙarshe: "book", "books". Kaɗan ne suka bauɗe, kamar "man" da "men", "child" da "children", "foot" da "feet". Yaron da ya riƙe "tumaki" tun yana goye, "children" ba za ta gagare shi ba. Kuma Hausa na da "kai" da "ke" da "ku", Ingilishi "you" kaɗai gare shi.

Inda hanya ta rabu

Ba ko'ina harsunan biyu suke tafiya tare ba. Sanin Hausa ya kan nuna ma yaro wurin da ramin yake, don ya tsallake.

A Hausa kowane suna tilo ko namiji ne ko tamata: wata ya fito, rana ta faɗi. A Ingilishi "he" na namiji ne, "she" ta mace ce, abin da ba mutum ba kuwa galibi "it" ake ce mashi. Rana da wata da tukunya da tulu duka "it" ne.

Wajen mallaka, Hausa na fara faɗin abin, sa'an nan mai shi: "dokin Abdu". Ingilishi ya kan fara da mai abin: "Abdu's horse".

Wajen abin da ya wuce, Hausa na sake ƴar kalmar da ke kafin aikatau: ya kan zo, ya zo. Ingilishi kuwa aikatau ɗin kanshi yake taɓawa. Mafi yawa "ed" ake ƙara masu: "work", "worked". Amma waɗanda aka fi aiki da su kullum su ne masu taurin kai: "go" ya koma "went", "eat" ya koma "ate", "buy" ya koma "bought". Waɗannan ba su da wata dabara sai hadda. Ga wurin da hadda ke da amfani.

Sai furuci. Ingilishi ba a karanta shi yadda aka rubuta shi. Haruffanshi 26 ne, amma sautukanshi sun haura 40. A "knife", wato wuƙa, ba a furta "k". Bakin Bahaushe kuma ya kan gama "p" da "f", alhali "pull" ja ne, "full" kuwa cikakke. Amma kunnen da ya raba "gari" na mutane da "gari" na tuwo, wanda ake jan wasalinshi na farko, zai iya raba "ship", jirgin ruwa, da "sheep", tunkiya.

Kalmomin da aka riga aka sani

Ɗan makaranta ya san kalmomin Ingilishi da yawa bai sani ba, don Hausa ta ara ta sa masu rigarta. Bokiti daga "bucket" ya fito, burodi daga "bread", direba daga "driver", birki daga "brake", tela daga "tailor", soja daga "soldier", siminti daga "cement". Hausa ba ta son baƙi biyu su haɗu a farkon kalma, sai ta sa wasali tsakaninsu. Mai koyon Ingilishi sai ya cire wasalin nan, ya mai da kalma yadda ta zo.

Faransanci ma ya ba da nashi gudummawa. A shekarar 1066 mutanen Normandi, wani yanki na arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi. Faransanci ya daɗe yana harshen fada a can, dubban kalmominshi suka shige cikin Ingilishi. Shi ya sa "table", "village", "fruit", "animal" da "question" rubutunsu ɗaya ne a harsunan biyu, furuci ne ya bambanta.

Sai dai a yi hattara, kama da wane ba ta wane. "Pain" a Faransanci burodi ne, a Ingilishi ciwo. "Chat" a Faransanci kyanwa ce, a Ingilishi hira. "Librairie" kantin sayar da littattafai ne, "library" kuwa ɗakin da ake zuwa karatu ko aron littafi.

Yadda ya kamata a yi

Kowane ɗalibi ya kamata ya ware kaye guda don kalmomi. Kada ya rubuta kalma ita kaɗai kamar marainiya. Ya sa ta cikin jimla, jimlar kuma ta zancen gidansu ce ko gonarsu ko kasuwar garinsu. Wanda ya rubuta "My mother sells milk" ya riƙe kalma, ya riƙe jerin jimla, ya kuma riƙe "s" ɗin da ake ƙara ma aikatau in ana zancen mutum guda.

Ba a bukatar yawa. Kalma 3 a rana, kwana 5 a mako, sun zama 15. A mako 30 sun zama 450. A shekara 4 na kwaleji sun kai 1,800, kowace da jimlarta. Sannu ba ta hana zuwa.

In littafi ya yi ƙaranci, abin karatu bai ƙare ba. Gwangwanin madara, kwalin shayi, ledar sabulu, allon wayar salula, duka suna ɗauke da Ingilishi. Abin da ya gagara a kwafe shi, a kai ma malam. Matambayi ba ya ɓata.

Abu na ƙarshe shi ne kunya. Yara da yawa sun san amsa, amma su kan yi shiru don kada a yi masu dariya. Mai dariyar kuskuren ɗan'uwanshi ya cuci aji duka, don gobe ba wanda zai ɗaga hannu. Ba wanda ya iya Hausa ba tare da ya yi gwaranci ba yana ƙarami. Da rarrafe yaro kan tashi.

Saboda haka, ranar da malamin Ingilishi ya shigo aji, kada ɗalibi ya bar Hausarshi a bakin ƙofa tare da takalmi. Ya shiga da ita, ya auna sabon harshe da ita: nan sun yi daidai, nan sun rabu. Wanda ya yi haka, ranar da aka miƙo mashi kwalin magani a gida, zai karanta ba da shakka ba.

Tambayoyi

1. Don mi ɗan kasuwa mai ciniki da Hausa yake bukatar mai karanta Ingilishi?
2. Mi ne ne bambancin "tana ci" da "ta kan ci"? Yaya ake faɗin su da Ingilishi?
3. Waɗanne kalmomi 5 ne Hausa ta aro daga Ingilishi?
4. Mi ake nufi da "da ruwan ciki a kan ja na rijiya" cikin wannan karatu?