Raddi Ga Mai Cewa Kifi Ba Ya Mutuwa Dare Ɗaya Sai Da Hannu

Tun da bazara ta kankama wata magana ke yawo tsakanin masu kiwon kifi daga Ɗambatta zuwa Makoɗa da Bichi, har wani mai kiran kansa masani ya tsaya mata: wai duk kududdufin da aka wayi gari kifinsa ya mutu, guba aka zuba, a nemi mahassadi. A ƙauyukan da gona ke jingine da gona, wannan magana wuta ce, kuma yaron da ke gadi shi ake fara kamawa. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana yawan zato, masanin nan kuwa ya mai da zato ilimi.

Hujjar da ya fi tinƙaho da ita: kifin ya ci abinci sosai da magariba, ashe lafiyarsa ƙalau. Malam, wannan ai hujja ce a kanka! Kifin da ya ƙoshi ya fi buƙatar iskar oksijin. Kashinsa da ragowar abincin da ya nutse suna ruɓewa, ruɓewar tana cinye iskar, tana sakin amoniya. Gansakukar da ta mai da ruwan kore tana ba da iska da rana, rana na faɗuwa sai ta koma zuƙa. Claude Boyd na Jami'ar Auburn a Amurka, a littafinsa na 1990 kan ingancin ruwan kiwon kifi, ya nuna cewa iskar ta fi ƙaranci gab da fitowar rana. To, yaushe ake tarar da kifin a mace? Ba da asuba ba? Ga kuma zafi. Lita guda ta ruwa a digiri 20 tana riƙe kusan miligiram 9 na oksijin, a digiri 30 kuwa wajen 7.5 ne, mu kuma a watan Afrilu zafin gari kan kai 40, tankin tamfol yana zaune cikin rana wuni guda. Dafin amoniya ma ƙaruwa yake da zafin ruwa. Wanda bai taɓa tsoma abin gwaji a ruwansa ba, da wane baki zai yanke hukuncin guba?

Ya ce tarwaɗa tana shaƙar iska a sama, don haka rashin iska ba ya kashe ta. Babbar tarwaɗa ke nan. Ƙananan da ba su daɗe da ƙyanƙyashewa ba, gaɓar shaƙar tasu ba ta gama nuna ba, karfasa kuma ba ta da ita sam. Leƙowa sama kuma ba ya kare kifi daga amoniya.

Ban musa akwai guba ba, kowa ya san ɓarnar da aka yi da gubar Gamalin a kogunanmu. Amma guba tana da shaida: takan kashe a kowane lokaci, manya da ƙanana, har da kwaɗi da ƙwarin ruwa. Rashin iska manya yake fara ɗauka, ka gan su suna haki a bakin bututun ruwa.

Wata hujjar tasa, wai kifin maƙwabci bai mutu ba. Kifi nawa maƙwabcin ya zuba, kai nawa ka cusa? Sabon tankin siminti ne da ba a jiƙa an wanke ba? Ruwan burtsatse ka kwararo kai tsaye, wanda ke fitowa da ƙarancin iska?

Batun kumfa a kan ruwa a matsayin shaidar guba kuwa bai cancanci tawada ba. Abincin da ya narke a ruwa ma yana kawo ta.