Wayar bara ba ta mutu ba, batirinta ne ya gaji

A Barnawa, Kakuri ko Sabon Tasha, ba wuya a ga matashi da wayoyi biyu da fawa bank, ɗayar ma ta bashi ce. Irin wannan bashin ba ya wasa: ranar biya ta wuce, a kulle wayar daga nesa, ta koma madubi. Mai tsohuwar waya ɗaya da ba a bin sa ko sisi ya fi shi barci mai daɗi, ko da kyamararsa ba ta burge kowa.

Abin haushin, yawancin wayoyin da ake gudu lafiyarsu ƙalau. Batiri kan raunana bayan caji ɗaruruwa, mai gyara kuma zai canja shi da kuɗi kaɗan. Nauyin da ake kuka da shi, sau da yawa bidiyoyin guruf na WhatsApp ne suka cika ma'ajiya. A hana su sauka da kansu, a goge manhajojin da aka yi wata ba a buɗe ba. Wasunsu na shan data a ɓoye, ga shi tun Janairun 2025 NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data.